Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Labarin Ruwanmu Daga Tiga Har Tafkin Cadi

Duk wanda ya taɓa kwana a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, ya san ƙarar da ke biyo bayan kiran assalatu. Ƙarar kura ce, an jera mata jarkoki goma ko goma sha biyu, wani ɗan'uwanmu ya dafa ta yana turawa cikin taɓo, daga gidan mai burtsatse zuwa gidajen da famfonsu ya daɗe da yin tsatsa. Sana'ar nan ta zama tamu, har mutanen Ikko sun ari sunanta daga bakinmu. Bayarabe ne, Ibo ne, kowa "mai ruwa" yake ƙwala wa kira.

In mutum ya tsaya ya tambayi masu turin kurar nan garuruwansu, cikinsu zai ji waɗanda suka fito daga ƙasar Haɗejiya, da Nguru, da Gashuwa, da Gaidam, har da Difa ta Jumhuriyar Nijar. Watau jikokin masunta da manoman fadama ke nan, waɗanda kakanninsu suka yi zamaninsu a bakin gulbi ba su taɓa tsammanin za a auna ruwa a jarka a sayar ba. Wahalar ruwa na cikin abubuwan da suka raba su da gida, ga shi kuma da ruwa suke neman abin kai wa bakin salati a Kurmi.

Abin da aka saba faɗi a zauren hira shi ne wai ruwa ya ƙare a Arewa, hamada ta cinye ƙasa, sai haƙuri. Ni dai ban yarda da wannan magana yadda ake faɗinta ba. Ruwan bai ƙare ba. Lokacin zuwansa ne ya rikice, hanyarsa kuma ta canja, wani abin daga sama, wani kuwa da hannunmu muka yi. Domin a ga haka sosai, bari mu ɗauki kogi ɗaya tak mu bi shi daga kansa har ƙafarsa.

YADDA KOGIN YAKE A DA

Kogin Kano da Kogin Calawa suna haɗuwa kafin a kai Wudil, daga nan su zama Kogin Haɗejiya. Can kudu kuma Kogin Jama'are ya gangaro daga duwatsun Jos, ya ratsa ƙasar Bauci ta Katagum. Su biyun suna gamuwa wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, wanda ya bi ta Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakaninmu da Nijar, kana ya faɗa Tafkin Cadi wajen Malam Fatori da Boso.

Daga Haɗejiya zuwa Gashuwa ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, sai jigayin rairayi nan da can. In ruwan damina ya iso cikin Agusta da Satumba, ba shi da gangaren da zai yi sauri a kansa, sai ya rarrabu rassa-rassa, ya malala cikin kwaruruka, ya kwanta. A shekarun 1960 wannan malala takan rufe ƙasa fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai albarka. A wuri fa ke nan wanda ruwan saman da ke sauka a kansa bai cika wuce inci 20 a shekara ba, alhali Ikko tana samun fiye da inci 60.

To, a duba irin aikin da ruwa ɗaya yake yi a nan. Manomi ya shuka shinkafa da ruwan farko, ambaliya ta zo ta raine ta. Kifi ya biyo ruwan ya shiga ciyayi ya yi ƙwai, ya hayayyafa. Da ruwa ya fara janyewa masunta su tare bakin ƙoramu, tarwaɗa da karfasa su cika kwanduna, a yi banda a kai kasuwa. Ƙasar da ruwan ya bari da laima a dasa mata wake da sauran amfanin rani, masu lambu su kafa jigo a bakin gulbi. In kaka ta wuce Fulani su sauko da shanu, su ci ciyawa da karmami, su bar taki. Ragowar ruwan kuwa ba ɓata ya yi ba, ya nutse ne ƙarƙashin ƙasa, shi ne mata ke ja da guga a ƙauyukan da ko ganin gulbin ba sa yi. Bayan Janairu ko Fabrairu rassan kogin da yawa sukan bushe ƙayau, ana tafiya da jaki a cikinsu. A riƙe wannan bushewa a zuciya, don za mu komo kanta.

Mutanen wurin ba su ɗauki ambaliyar nan masifa ba. Baƙuwa ce mai zuwa da goma ta arziki, an san watan zuwanta, an san inda takan tsaya, ba kuwa mai hankalin da zai kafa gida a hanyarta. Akwai sarakunan ruwa masu cewa yau a shiga, gobe a bari. Bikin su na Badawa a Gogaram daga wannan tsari ya samo tushe: a hana taɓa ruwa har kifi ya girma, sa'an nan a buɗe wa kowa rana ɗaya. Har tsuntsaye daga ƙasashen Turai sukan ƙetare Sahara su yi sanyin hunturu a nan, abin da ya jawo mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya ziyarci Dagona a shekarar 1989. A shekarar 2000 kuma aka sa Tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ta ce a kiyaye.

FARI, SA'AN NAN DAM

Sai aka shiga farin 1972 zuwa 1974. Dattawa cikin masu karatu ba sa bukatar a tuna musu: shanu sun zube a hanya, rumbuna sun ƙone, mutane da yawa a wannan lokaci ne suka fara hawa jirgin ƙasa zuwa Kudu. A cikin wannan hali aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. A 1992 aka gama ta biyu, babba, a kan Kogin Calawa.

Kada a yi wa waɗanda suka gina Tiga rashin adalci. Mutumin da ya ga yunwa da idonsa, in ya ce zai tare ruwan damina ya ajiye don rani, bai yi maganar banza ba. Daga kogunan nan biyu birnin Kano yake shan ruwa. Noman rani na Kadawa da Kura da ruwan Tiga ya tsaya da ƙafafunsa, kuma tumatirin da ’yan'uwanmu ke saukewa daga manyan motoci a kasuwar Mile 12, wani kaso mai yawa nasa can aka noma shi. Wanda ke cin abinci da kwandon tumatir a Ikko, da hannunsa cikin amfanin dam ɗin.

Amma fa dam ba ya ƙirƙirar ruwa ko ɗigo ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya karɓe na wani watan ya ba wani watan, ya karɓe na wani gari ya ba wani gari, rana kuma ta ɗauki ladanta, gama a ƙasarmu rana kan sha kusan mita 2 daga saman buɗaɗɗen ruwa kowace shekara. Da aka toshe koguna biyu, babbar malalar Agusta ta ragu ƙwarai. Maimakonta sai ga ɗan ruwa yana gudana a hankali cikin kogi damina da rani, saboda ana sakinsa don masu ban-ruwa da famfon birni. A takarda abin ya yi kyau, kogin da ke bushewa ya daina bushewa. A ƙasa kuwa sai aka haifi kacalla.

Ciyawar kacalla ba baƙuwa ba ce, da ma akwai ta jefi-jefi a bakin tafkuna. Abin da ke kashe ta shi ne bushewar rani, abin da ke tumɓuke ta shi ne ƙarfin ruwan damina. Da aka ɗauke mata waɗannan abokan gaba guda biyu, sai ta miƙe ƙafa. Tana fin mutum tsawo, saiwarta ta sarƙe, laka da yashi su taru a gindinta, reshen kogi ya cushe. Reshen Burum Gana da tsohuwar hanyar Kogin Haɗejiya suka toshe, ruwa ya juya ya dinga zuba cikin reshen Marma ya nufi Nguru. Ga abin da ya biyo baya: ƙauyukan gefe guda ruwa ya kwanta a gonakinsu shekara da shekaru ba ya janyewa, ba shinkafa, ba wake, sai sauro, ƙauyukan ɗaya gefen kuma suna kallon busasshen kwari inda da jirgin kwale-kwale ke wucewa. Kogi ɗaya, cikin wata ɗaya, wani na kukan ambaliya, maƙwabcinsa na kukan ƙishirwa. Daɗin daɗawa, tsuntsayen jan-baki suka sami masauki cikin kacallar, inda ba mai iya cim musu, suna fita da safe su auka wa gero da shinkafa.

A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, shi da abokan aikinsa suka yi wani lissafi da ya kamata a ce an yi shi tun kafin a zuba siminti. Suka ƙidaya abin da fadamar ke bayarwa na amfanin gona da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da gonakin ban-ruwa na Kogin Kano ke bayarwa, bisa ga yawan ruwan da kowanne ya sha. Suka iske mudun ruwa ɗaya ya fi kawo riba ninkin-ba-ninkin in an bar shi ya malala a fadama. Ba su ma sa nonon Fulani da ruwan rijiyoyi cikin lissafin nan ba. Dalilin da ya sa ba a gani ba tun farko ba boyayye ba ne. Buhunan alkama na babban aiki suna shiga littafin gwamnati, amma kwandon kifin da mace ta kai kasuwar ƙauye ba akawun da ke rubuta shi.

Yau ruwan da ke isa Gashuwa da Gaidam galibinsa na Kogin Jama'are ne, wanda har yanzu ba a toshe shi da babban dam ba. Wannan shi ne asalin gardamar dam ɗin Kafin Zaki, wanda aka fara maganarsa tun shekarun 1970, aka kama aiki aka bari. Mutanen Bauci na ganin alherinsa, mutanen Yobe da Barno na ganin ajalin gulbinsu, haka masu noman tattasai na Difa da ke sha daga ɗaya gaɓar. Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma a ganina wanda ya ga abin da ya sami Kogin Haɗejiya bai kamata ya yi gaggawar maimaita shi a kan ɗan'uwansa ba.

TAFKIN DA BA YA ZAMA WURI ƊAYA

Mu ƙarasa ƙafar kogin. Kowa ya ji labarin Tafkin Cadi: a 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, bayan farin 1973 ya rabu biyu, bayan na 1984 kuma buɗaɗɗen ruwansa bai kai 2,000 ba. Wannan gaskiya ne. Amma akwai abubuwa biyu da masu ba da labarin kan tsallake.

Na farko, ba Tiga ce ta shanye tafkin ba. Kogin Shari da na Lagon, masu fitowa daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru, su ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba masa, namu Komadugu ɗan ƙarami ne a wurin. Rashin ruwan sama a can kudu ne ya kayar da shi. Masana da yawa kuma sun danganta wancan dogon fari da canjawar ɗumin tekuna, da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan zamani, wanda ya sa gizagizan damina suka ƙi hawowa arewa yadda suka saba. Talakan Baga bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na biyu, tafkin nan marar zurfi ne, kamar ruwa a faranti, saboda haka da ma halinsa ne ya cika ya janye. Wani hafsan Faransa mai suna Tilho, da ya auna shi wajen 1908, ya iske yankin arewa ya janye ƙwarai. Shekarun 1950 da 1960 kuwa shekarun ruwa ne da ba a saba samun irinsu ba. Hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin ya daina raguwa, har ya ɗan farfaɗo, ko da yake ciyayi sun rufe sashe mai yawa.

Abin da ya sa na dage kan wannan shi ne labarin babban aikin noman rani na Kudancin Cadi, a ƙasar Marte. An tsara shi zai shayar da kadada 67,000 ta alkama da shinkafa, an auna komai bisa cikar tafkin ta shekarun 1960, aka haƙa doguwar hanyar ruwa, aka kafa manyan injunan ja. Aka buɗe kashin farko a 1979. Cikin ’yan shekaru kaɗan tafkin ya ja da baya ya bar bakin hanyar ruwan a kan busasshiyar ƙasa, injuna suka yi tsit. A daidai wannan lokaci talakawa, waɗanda ba wanda ya zana musu taswira, suka bi ruwan a baya. Inda ya janye suka shuka masara da wake cikin laimar da ya bari, ba taki, ba inji. In ya dawo su ɗauki koma da ƙugiya. Mutum ɗaya, bana manomi, baɗi masunci. Kifin banda na Doron Baga ya ci gaba da cika motoci zuwa Anaca da Inugu da Ikko, har sai da fitinar Boko Haram ta tarwatsa bakin tafkin, ta rufe hanyoyi, musamman bayan harin Baga na Janairun 2015. Abin da ya fi karya mutanen tafki a ’yan shekarun nan shi ne hana su bin ruwan, ba rashin ruwan kansa ba.

Har yanzu manya ba su daina mafarkin babban aiki ba. A taron da aka yi a Abuja cikin Fabrairun 2018 an sake ɗaga shirin Transaqua, wanda wani kamfanin Italiya ya zana tun da daɗewa: a haƙa hanyar ruwa mai tsawon kilomita 2,400 daga rassan Kogin Kwango a juyo su Cadi. Ba a fara haƙa ba. Mu da muka kasa yashe reshen Burum Gana, sai in ce mu fara da na kusa.

DAMINA TA DAWO DA WANI HALI

Tun shekarun 1990 ruwan sama ya ƙaru a ƙasashenmu bisa ga na shekarun fari. Sai dai ba damina irin ta kakanni ce ta dawo ba. Ta kan makara, ko ta fara ta ɗauke har shuka ta ƙone, sa'an nan ruwan wata guda ya sauko cikin dare ɗaya. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, wanda ya duba hotunan gizagizai na shekara 35, ya nuna cewa manya-manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Dalili kuwa shi ne duniya na ƙara ɗumi saboda hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da ake ƙonawa. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima, kusan ƙarin kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya, Sahara kuma tana ƙara zafi, wannan ke ƙara wa hadari ƙarfi. Irin wannan ruwa in ya sauka a kan ƙasar da aka sare itatuwanta, ba ya tsayawa ya nutse. Gudu yake yi, ya kwashi ƙasar noma ya zuba cikin kogi da dam.

Mun ga sakamako. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun wuce 600, Jihar Jigawa kuma tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. A shekarun nan biyu ruwa ya yanke hanyar Lakwaja, direbobinmu suka kwana da kwanaki a layi da shanu da kayan gwari suna lalacewa. A daren 9 ga Satumba, 2024, wayewar garin 10, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri, ya ci kasuwa da asibiti da gidan yari da gidan namun daji. Alau ta taɓa yin ambaliya a 1994. Kanawa kuma ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba. Madatsun da aka gina don tsoron fari, in ba a kula da su ba, su ne abin tsoro a zamanin hadari.

A nan ma ba duka laifin sama ba ne. Kududdufan birnin Kano, waɗanda da suke shanye ruwan unguwanni, an cike da yawansu an yi gini a kai. A garuruwan bakin gulbi kuwa, shekarun fari sun sa an manta inda ruwa yakan kwanta, aka yanka filaye a cikin kwari aka sayar. Da yawa daga cikin gidajen bulo da ke wurin da kuɗin Kurmi aka gina su.

MU KOMO IKKO

Garin da muke zaune ruwa ya kewaye shi, sama kuma ba ta yi masa rowa. Tun 1915 aka buɗe gidan ruwa na Iju, daga baya aka ƙara na Adiyan a kan Kogin Ogun. Duk da haka, a tsarin da Jihar Legas ta fitar a 2010, an ce gidajen ruwanta gaba ɗaya za su iya ba da galan miliyan 210 a rana, alhali bukata ta kai miliyan 540. Giɓin nan shi ne kasuwar mai ruwa da mai fiya-wata. Kowane mai hali ya haƙa burtsatsensa a tsakar gida, sau da yawa ba nisa da ramin masai. A unguwannin bakin teku, in an yi ta jan ruwan daɗi daga ƙasa, na gishiri ne ke matsowa ya maye gurbinsa. Cutar kwalara da ta ɓarke a Legas cikin Yunin 2024 ta tuna wa kowa cewa ruwa mai haske a jarka ba lalle ne mai tsabta ba. Ɗan'uwa mai tura kura ya sani, in cuta ta tashi a unguwa, shi za a fara nuna wa yatsa, ko da kuwa ba shi ya haƙa rijiyar ba. Wanke jarka, da sanin inda ake ɗibar ruwan, kare kai ne.

Ciwon Ikko da na Nguru iri ɗaya ne: kowa ya ja nasa, ba mai tambayar daga ina yake zuwa. Mu ma in mun tara ’yan kuɗi, babban alherin da mukan yi wa gida shi ne mu aika a haƙa burtsatse, ko a sayi injin ban-ruwa. Tun farkon shekarun 1990, da shirin Fadama na Bankin Duniya, ƙananan injunan nan suka maye gurbin jigo, sun kuwa fitar da mutane da yawa daga talauci, ba mai musun wannan. Amma ruwan da suke zuƙa, a ƙasar Haɗejiya da Bade, shi ne wanda ambaliya ta ajiye a ƙarƙashin ƙasa. In malala ta ragu, injuna suka ƙaru, wanda ya fi zurfin rami shi zai sha, rijiyar gwauruwa ta ƙafe. Barno ta riga ta ga irin wannan. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi waɗanda ruwansu ke tsartuwa da kansa ba inji, aka bar da yawa suna kwarara dare da rana ba marufi, har ƙarfinsu ya ragu, wasu suka daina.

ABIN DA AKE GWADAWA

Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda ƙasarsu ta fi tamu bushewa, sun koma ga riƙe ruwa a inda ya sauka. A ƙasar Illela ta jihar Tawa, tun ƙarshen shekarun 1980, manoma ke haƙa tassa, watau ƙananan ramuka a feƙaƙƙiyar ƙasa, a zuba taki a ciki, ruwa ya taru ya nutse, gero ya fito a inda da ko ciyawa ba ta yi. Akwai kuma kunya mai siffar rabin wata da ake yi a gangare. A jihohin Maraɗi da Damagaram suka daina sassabe tohon gawo da sauran itatuwa a gona, suna gyara shi ya girma. An ƙiyasta itatuwan da suka tashi ta wannan hanya sun kai miliyan 200 a kan kadada miliyan 5. Kayan aikin duka fartanya ce da gatari.

A wajenmu kuma, cikin 2006 aka yi taro a Damaturu, jihohi shida da kogin ya shafa, watau Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Barno, tare da Gwamnatin Tarayya, suka kafa asusun haɗin gwiwa don gyaran kogin. Ƙauyuka da dama sun yi gayya sun shiga ruwa da lauje da adda suna sare kacalla, inda aka buɗe reshe kuwa noma da su sukan dawo. Amma kacalla takan sake tohowa muddin ruwa bai daina kwanciya a gindinta ba. Shawarar da masana ruwa suka daɗe suna bayarwa ita ce a canja yadda ake buɗe ƙofofin Tiga da Calawa: a saki ruwa mai ƙarfi cikin damina, da sanarwa tun da wuri, don ya yi kama da malalar da, kana a rage na rani har wasu rassa su samu su bushe. Wannan zai taɓa masu noman rani na Kano, saboda haka ba abu ne da za a yi shi ba tare da an zauna da su ba.

Kusan kowane gari na bakin kogin nan yana da ƙungiyar ’yan asalinsa a Agege, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, ana taro ana tara kuɗi, ana kuma jin maganarsu a gida fiye da yadda suke zato. Kafin a aika da kuɗin burtsatse na gaba, a tambayi zurfin da aka samu ruwa a na bara da na shekara goma da suka wuce. Kafin a sayi fili a kafa harsashi, a nemi tsohon da ya san inda ruwa ya tsaya a shekarun 1960. Hedikwatar Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are tana Kano, ita ke riƙe da mabuɗin ƙofofin madatsun nan biyu. Takardar da ta fito daga ƙungiya, da sa hannun mutum ɗari biyu, tana tambayar a wane wata za a saki ruwa bana, nawa za a saki, kuma wa zai sanar da dagatan ƙasar Guri da Kirikasamma kafin ya iso, ta fi ƙarfin a jefa ta kwandon shara.